Hitar da Baba Ya Hana a Kunna

Ciwon gaɓoɓi ya lanƙwashe wa mahaifina yatsu, har ta kai in ya yi alwala da ruwan randa sai ya wuni yana cije leɓe. Sau biyar a rana matata ke hura gawayi saboda butarsa, shi kuma yana jin nauyinta. Shi ya sa na sayo hita irin wadda ba ta da tanki, ruwa na ratsa ta yana fitowa da ɗumi. Na shigo da ita gidanmu na unguwar Gidan Dahala ina hura hanci.

Mai haɗa wutar, wani dattijo mutumin Filato, ya dubi wayoyinmu ya yi dariya. Ya ce cin wutar abin nan ya fi na gidan gaba ɗaya, siririyar wayar soket narkewa za ta yi. Sai an ja mata kakkaurar waya tun daga mita, da burekarta ita kaɗai, mai katse wuta in ta yi yawa. Aka fasa bango aka yi.

"Na cikin gida na gama," in ji shi. "Amma wayar da ta sauko daga falwaya gida uku ke sha, kuma ba ta da ƙarfi."

Ban saurare shi ba. Na ga Baba ya tara hannu a famfo yana murmushi, me ya rage?

Mako biyu muka yi cikin daɗi. Sai ga maƙwabciyarmu da muke shan waya ɗaya, wadda mijinta ya rasu, mai sayar da ƙanƙara. Ta durƙusa gaban Baba, da yake malami ne.

"Malam, a taimake ni da addu'a. Firijin ga da nika ci da marayu, da an kira salla sai shi yi gurnani shi ɗauke. Ban san mi na yi ma mutane ba."

Baba ya yi mata addu'ar, ta tafi. Sannan ya juyo gare ni.

"Kashe abin ga. Ba ni alwala da haƙƙin marayu."

Na yi gardama. Na ce a kunna ta sau ɗaya a rana mana. Ko kallona bai yi ba. Haushi ya kama ni, don na san shi ke da gaskiya.

Na yi ta sintiri ofishin wuta ina neman layinmu daban, har takalmina ya san hanya. Amsar ɗaya ce: taransifomar unguwa ta riga ta ɗauki fiye da ƙarfinta. Firijin matar kuwa ashe injinsa ya ƙone, bai sake tashi ba. Tun daga nan Baba bai taɓa tambayata labarin layi ba, sai dai ko an gyara mata.

Na gaji, na daina zuwa. Bara yatsun suka ƙi buɗewa, ko ruwan ɗumi ba ya iya ɗiba. Yanzu taimama yake yi, ni nake kama masa hannuwa in dafa su a ƙasa.