Garin Ammu Hasan Mai Suna Uku

Ranar farko ta azumin shekarar da na shiga aji uku, gab da magariba, abokina Yusuf ya hauro matakalar gidanmu a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ɗauke da farantin tsire ƙanana da miyar gyaɗa. Kakansa Ammu Hasan, Bajawen telan da ya zo daga gabas mai nisa ya kama ɗakin ƙasa, shi ya aiko. Kakata Iya ta karɓa da godiya, tana rufe ƙofa ta juye wa magen lungu, sannan ta ce kada ta sake ganina da yaron.

Abin ya yi mini ciwo, domin Yusuf kaɗai ke jirana in gama ɗebo ruwa da karatun allo mu tafi ƙwallo bayan masallaci. Amma Iya tana da hujjarta. Ita tsohon ya ce mata garinsu Jakarta, mahaifina ya ji Batabiya a bakinsa, wani maƙwabci kuma ya rantse Jayakarta ya ji. "Kano tun da aka kafa ta Kano ce," in ji ta. "Wanda garinsa ke sauya suna, akwai abin da ya gudo wa." Sai ta tare a taga tana lura da masu shiga wurinsa, tana shinshina ƙaurin girkinsa.

Da kukana ya ishe ta, ta kama hannuna bayan la'asar muka sauka, ta tsare shi da tambaya. Ya ajiye allura ya ce gari ɗaya ne a bakin teku kamar Jidda, tsohuwar tashar jiragen masoro da kanumfari. Turawan Holan suka ci shi da yaƙi, suka raɗa masa nasu sunan, Batabiya. Da mulkinsu ya kau aka maido da na dā, Jayakarta, a gajarce, ya zama babban birnin ƙasa mai dubban tsibirai. Daga tasharsa ya hau jirgin alhazai yana saurayi.

Iya ta ƙanƙance ido ta tambayi inda aka binne mahaifiyarsa. Ya ce: "Teku na cin unguwar, ya Hajja. Ban sani ba ko kabarin na nan." Iya, wadda ta binne tata uwar a hanyar Sudan sa'ad da suke tahowa daga Kano, inda ba za ta iya nunawa ba, ta miƙe. A matakala ta sake mini hannu: "Ban ce na yarda da shi ba. Yalla, je ka, amma kome aka ba ka, ka yi bisimilla sau uku."

Yanzu jikokina kan nuna mini Jakarta a waya, benaye har gajimare, ana ma zancen ɗauke fadar gwamnati zuwa wani tsibirin. Ni da Yusuf mun yi furfura a sahu ɗaya a masallacin unguwar Waziriyya. Iya da Ammu Hasan kuwa suna kwance a maƙabarta guda, kowa nesa da uwarsa. Allah Ya sa maƙwabtakar ta yi musu daɗi.