Shukar da na sa aka goge

Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ko a bikin yayata, da ta ga waya sai ta ja mayafi.

Shekarar da na gama kwalej, wasu masu bincike suka zo Mayahi suna nazarin yadda manoma ke motsa jiki wurin aiki. Suka ɗauke ni tafinta. Wani kaske gare su, kamar hular kwano mai rufe ido, in ka sa sai ka gan ka cikin gona, ga ramukan shuka a jere. Na'urar ba ta ɗaukar fuska, motsi kawai, kamar mutumin kara. Don haka Inna ta yarda.

Aka sa mata kasken a wani ajin lakwal, makarantar boko. Ta kyalkyale da dariya.

"Ke 'yar boko, gonar wa ce wannan babu ko itacen geza? Mai ita malalaci ne ko mai kuɗi?"

Ta fara zuba iri tana rufewa da diddige, tana karkaɗa kafaɗa, kowane rami na uku ta ɗan yi tsalle, yadda take yi mana muna yara don kada mu gaji. Madam mai binciken tana murmushi. Ni kunya ta kama ni.

"Inna, aiki ne ba biki ba. Ki yi kamar kowa."

Na ce wa Madam a goge a sake. Ta tambaye ni har sau biyu. Na ce haka Inna ke so. Ƙarya nake.

Inna ta sake.

Kafin lokacin girbi Inna ta rasu, ciwon kwana huɗu.

Da suka dawo bara, na hau moto na same su. Na ce a nuna mini uwata. Madam ta duba lamba, ta ɗaura mini kasken da hannunta.

Ga mutumin kara yana shuka. Zuba, rufe, taka. Babu kafaɗa, babu tsalle. Kamar kowace mace a ƙauyenmu Attantane. Na tambaya ko shukar farkon tana nan, Madam ta girgiza kai.

A ƙarshen layi ya tsaya, ya juyo da kai hagu, wajen ƙofar ajin inda na tsaya ranar. Ya daɗe a haka. Inna ce, jira take in ce mata ya yi.

Ranar ban ce ba. Agogo nake dubawa.