Mai Fenti da Ɗakunan Haya

Mai Fenti kowa ke ce masa, har matarsa idan ta so zolaya. A hannun kawunsa ya koyi sana'ar, kuma tun yana saurayi yake da wani hali: ba ya iya ganin bango yana ɓarewa ya yi shiru. Ko gaisuwa ya je gidan mutane, sai ka ga ya sa farce yana ɓantarar tsohon fenti, yana girgiza kai.

Halin nan ne ya fara ja masa. Ɗakin da suka kama bayan aure ciki da falo ne, damina ta cinye bangon, silin ya yi tumbi. Ya kankare, ya toshe tsaga, ya shafe da ragowar fentin da yake samowa a wurin aiki. Mai gidan ya zo ya gani, ya yi ta sa masa albarka. Haya na ƙarewa sai ya ce ɗansa zai yi aure, ɗakin yake so. A gida na biyu ko kara ba a yi masa ba. Yana gama gyarawa dillali ya leƙo ya ga ɗaki kamar na amarya, ya kai wa mai gida labari, aka ɗaga haya ta fi ƙarfinsu.

Ranar da suka shiga gida na uku, tun kafin a sauke katifa matarsa ta tare shi a bakin ƙofa.

"Ka rufa mana asiri, ka bar bangon nan yadda ka same shi."

Ya bar shi. Shekaru suka yi yana kwana yana tashi da bango mai dabbare-dabbare, ƙasa na zubowa a kan kwanukanta, shi kuwa ya haɗiye. A nan suka haifi 'yan mata uku. Haƙurin bai cece su ba, domin mai gidan ya rasu, magada suka sayar da gidan, wanda ya saya kuma ya ce shaguna zai zuba.

Ya shiga neman ɗaki. Dillalai suka yi ta yawo da shi a rana, kowane ɗaki sai ya biya kuɗin gani. Wannan mai gida ya ce sai hayar shekara biyu a dunƙule, wancan ya ce ma'aikaci yake so. Wata dattijuwa ta kusa yarda, da ta ji yara uku ne sai ta ce rijiyarta ba za ta ɗauka ba. Wa'adi ya cika ba su samu ba. Gado da kujeru suka tafi garejin wani abokinsa, matar da yaran suka koma gidan yayanta, aka share musu ɗakin ajiya. Yayan mutumin kirki ne, amma gidansa cike yake, ba inda suruki zai sa haƙarƙari. Mai Fenti ya naɗe tabarmarsa ya koma kwana a wurin aiki.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne wurin aikin kansa. Rukunin gidaje ne da hukuma ta gina, waɗanda rediyo ke ta cewa na masu ƙaramin ƙarfi ne. Shi yake shafe su, ɗaki bayan ɗaki, yana shimfiɗa a kan buhunan siminti, warin fenti na sa masa ciwon kai. Wata rana ya wanke hannu da kananzir, ya sa rigarsa ta fita, ya tafi ofishin da ke rabon gidajen. Jami'in ya saurare shi da kyau, sannan ya bayyana masa cewa sai mai albashi a banki, don a riƙa cira duk wata. Ya ce amma akwai wani shiri dabam na marasa matsuguni, ya tambaye shi inda yake kwana. Mai Fenti ya faɗa masa.

"To ai kai akwai rufi a kanka. Shirin na masu kwana a titi ne."

"Ranka ya daɗe, rufin naku ne. Kuna karɓar makulli zan tashi."

Jami'in ya ce ya gane, amma ba shi ya tsara ba, idan hakan ta faru ya dawo. Mai Fenti ya fito bai ko yi sallama ba. A bakin titi ya tsaya yana faɗa shi kaɗai, har mai gyaran takalmi ya ɗago ya dube shi.

Da aikin ya ƙare, wani birkila da suka saba ya yi masa hanyar ɗaki ɗaya can bayan gari, inda mota ke juyawa. Babu famfo, babu makaranta kusa. Ya kwaso matar da ƙananan biyu, babbar kuwa aka bar ta gidan kawunta saboda karatu. Yanzu mota biyu yake hawa kafin ya isa wurin aiki, rabin abin da ya samu a hanya yake ƙarewa. Ranar hutu yakan biya ya ga babbar. Kullum sai ta tambaye shi yaushe zai zo ya ɗauke ta, shi kuma ya ce idan an yi hutun makaranta. An yi hutun, ta zo ta kwana biyu, ɗakin bai ɗauke su ba, ya mayar da ita.