Farin Mayafi a Kan Mai Gemu

A ƙauyenmu na tsibirin Sisili har yau ana tuna ranar da Goggo Venera ta lulluɓa wa mutum-mutumin Waliyyi Antoniyo, mai gemu har ƙirji, farin mayafin Waliyyiya Luciya, don idonta ya yi rauni har ta ɗauka Luciya ce. Tun ƙuruciya take hidimar Luciya, budurwar da ake roƙo don lafiyar ido, shi ya sa ta ƙi sa tabarau, wai kada ta kunyata ta. Fada, limamin cocin, ya ce ko ta sa tabarau, ko ta miƙa makullin coci.

Mai burodi ya tsokane ta: "Goggo, budurwar taki ta manta aski."

"Ɗan nan, je ka duba mutum-mutuminta," in ji ta. "Luciya a faranti take riƙe da idanunta, kuma ba wanda ya kore ta daga coci."