Tara biyu a hannuna, wakili a gabana

Daminar da na yi aikin ciyawa a wata gonar dawa bayan garin Doka, ruwa ya tsare mu kwana uku a kambo, wato 'yan bukkokin da leburori ke kwana. Mun gama aiki, lori na tsaye zai mai da mu Gadarif, amma hanya ta zama taɓo, ko tarakta ba ta fita. Kawuna ne ya samo min aikin. Shi ya daɗe a gonar, kuma wakilin mai gona ɗan unguwarmu ne, tare suka taso.

Cikinmu akwai wani Bahabashe da ya zo daga sansanin 'yan gudun hijira na Um Rakuba neman aikin yini. Shi ya fito da tsohuwar karta ya koya mana wani wasa, foka. A ba kowa karta biyu a rufe, a shimfiɗa biyar a tsakiya, kowa ya zuba gwargwadon yadda ya yarda da hannunsa. Ba kuɗi a ciki. Ƙwallayen dabino muka raba daidai, wanda nasa suka ƙare ya tashi, ba dawowa. Wakili da bakinsa ya sa lada: wanda ya cinye kowa shi zai zauna gaban lori kusa da direba, sauran su hau baya. Da farko kallo yake yi, sai ya ce a raba da shi.

Mu goma sha ɗaya muka fara. Zuwa hantsin rana ta uku saura mu uku a tabarma: ni, wakili, da wani dattijo mai dafa mana asida, wato tuwo, wanda ƙwallayensa ba su cika tafin hannu ba. Nawa sun ɗan fi na wakili kaɗan.

Aka raba, na ɗaga nawa: tara biyu. Dattijo ya ajiye nasa tun farko. A tsakiya aka buɗe huɗu, sarki, biyu, sannan goma, sannan bakwai. Sai wakili ya sa hannu biyu ya turo tulinsa gaba ɗaya.

"Duka," ya ce. "In kai namiji ne, biyo ni. Ko sai an tambayo kawunka?"

Bahabashen ya riga ya gaya mana, a irin wannan gasa wanda ke ɗokin amsa duka shi ke fara tashi. Idan wakili na da sarki ko goma, ya haɗa da na tsakiya ya yi biyu da suka fi tara biyuna, na mutu, abin da zai rage min bai kai na dattijo ba. Idan na ajiye, ina nan da raina, in jira wani hannun. Hankali ya ce in ajiye. Amma kwana biyu ke nan ina kallon mutumin nan. Duk sanda hannunsa ya yi kyau shiru yake yi, ya riƙa zuba kaɗan-kaɗan don ya jawo ka. Sai hannunsa ba komai yake ɗaga murya. Kuma da sarki ya fito bai ƙara ko ƙwallo ɗaya ba, goma ma haka. Yanzu ga shi yana ta surutu, har da kawuna a ciki.

Kawu na tsugune a bayana. Na ji ya mintsine ni a kwiɓi.

"Ajiye, ɗana," ya ce a hankali. "Bar masa."

Bai ga kartata ba, ballantana ya ce ba ta da kyau. Nan na gane ba wasan yake dubawa ba, mutumin yake dubawa. Wannan ya fi gorin wakili ɓata min rai. Na tura nawa.

"Na amsa. Buɗe, yallaɓai."

Shida da uku ne a hannunsa, ba su haɗu da komai ba. Na ajiye tara biyuna. Wasu suka fara ihu, suka haɗiye da suka ga fuskarsa.

Ya miƙe ya shuri tabarmar, ƙwallaye suka watse cikin laka.

"Astagfirullah! Caca a gonar mutane? Halas, an daina. Ku Musulmi ne kuwa?"

Kwana biyu yana zaune yana wasa, shi ya sa ladan, shi ya fitar da mutum biyar yana musu dariya. Duk lokacin nan bai tuna da haram ba sai da tara biyu suka kwanta gabansa. Da malami ne ya zo ya faɗa mana haka tun ranar farko, wallahi da na sunkuyar da kai. Wakili ya juya kan Bahabashen ya ce shi ya kawo fitina, ya karɓe kartar ya jefa a murhu.

Bayan azahar Kawu ya ja ni bayan bukka.

"Je ka ba shi haƙuri."

"Kawu, laifin me na yi? Shi ya ce in biyo shi."

"Na sani. Ka ci, kowa ya gani. Amma ni zan dawo gonar nan baɗi, ƙannenka kuma abinci suke ci."

Na je. Na tsaya gabansa na ce ya yi haƙuri, ya ɗaga min hannu ko kallona bai yi ba, kamar shi aka cuta.

Washegari hanya ta sha iska. Wakili ya shiga gaba, mu muka hau baya kan buhuna, yayyafi na dukanmu har Gadarif. Dattijon nan, wanda ko damar ƙarasa wasansa ba a ba shi ba, ya matso kusa da ni ya tambaye ni yadda aka yi na san wakili ba shi da sarki. Na gaya masa. Ya yi dariya har da tari, ya ce shekara shida yana dafa wa mutumin nan abinci, haka yake ko wajen biyan lada: ran da ya fi faɗa, ran nan ba shi da gaskiya.

Da girbi ya zo aka kira Kawu, ni ba a kira ni ba. Na shiga kasuwa wurin wani mai gyaran injin ban ruwa, a nan na koyi sana'ar da nake ci yanzu. Ni da Kawu mun shirya tuni, ko da yake ba mu taɓa ta da zancen ba. Wakili kuwa muna haɗuwa a masallacin unguwa, in gaishe shi don girmansa, ba na ƙarawa.