Ƙoƙon Ruwa daga Yashin Rafi

Kakata Hajjo ba ta yin tatsuniya hannu sake. Ko dai tana ɓarar gyaɗa, ko tana soya ta a kasko, mu jikokinta kuwa da an sallame magariba mun kewaye murhu. Wani ƙauye muke a yankin Tsaskiya, gidanmu ne na ƙarshe kafin rafi. Ni ne marar haƙurin cikinmu, mai cusa hannu a kasko tun gyaɗa ba ta soyu ba, shi ya sa ta fi tsokanata.

"Wannan miji nawa, ko tuwo aka ɗora sai ya leƙa tukunya sau goma," in ji ta. "To, ku matsa, ga wata ta iso, ku ba ta wuri."

"Ta zauna kusa da mu," mu amsa.

Wadda ta fi zauna mini a kai ita ce ta wasu mafarauta biyu, wa da ƙane, waɗanda zaki ya koro suka faɗa kogon dutse. Bakin kogon ya yi wa zaki kaɗan, sai ya kwanta a ƙofa yana jira. Guzuri suna da shi, ruwa ne babu. Can ƙurya suka ga dutsen ya yi naso, ruwa na tsattsafowa ta wata 'yar tsaga, sai an jima kafin ɗigo ɗaya ya taru. Wan ya ce wannan ai wasa ne, ya ɗaga gatari ya sari tsagar don ruwa ya ɓalle. Ƙasa ta rufto ta toshe wurin. Bayan kwana biyu ƙishirwa ta fitar da shi a guje, zaki ya yi kalaci. Ƙanen ya bi dutsen yana shafawa har ya sami wani wuri mai laima, ya manna hularsa, in ta jiƙe ya matse a baki. Haka ya yi kwana bakwai. Ran na takwas ƙishirwa ta ci ƙarfin zakin shi ma, ya tashi neman ruwa, yaro ya fito ya kama hanyar gida.

"Da ni ne harbe zakin zan yi," na ce.

"Kai da ke gudun bunsuru?" Ta zungure ni da cokalin suya. "Ruwa mai tsattsafowa ba a yi mai tsawa, maigida. Da ƙafarshi yake zuwa."

Ba a baki ta bar maganar ba. Da rani takan kai mu rafi bayan ya ƙafe, ta sa mu tona yashi har gwiwar hannu, mu zauna jira. Ruwan farko da ya taru jawur yake da laka, sai a kwashe a zubar. Na biyu ma a zubar. Na uku ake sha. Ni kuwa na farkon nake kurɓa in ta juya baya, in kwana ina murɗar ciki tana yi mini dariya.

Allah ya ɗauke ta kafin masu babura su fara fitowa daga daji. Wani lokaci ina yi mata murnar hakan.

Wata bazara, ina da aure har da 'ya, 'yan bindiga suka zo suka yada zango ƙarƙashin tsamiyar da ke bakin rijiyarmu, ga shi rijiyar ita kaɗai ce a garin. Wanda ya je da guga, ko a yi masa dukan tsiya ko a wuce da shi. Hanyar Safana ma tana hannunsu. Kwana uku randarmu ta ƙafe ƙaf, ga 'yata Safiya, mai shekara huɗu, kwance da zazzaɓi da gudawa.

"Malam, dubi leɓenta," in ji matata Hinde. "Ko kuka ba ta iyawa."

Na duba. Raina ya ɓaci, tsoro ya fita daga kaina. Na sunkuci guga da adda na nufi ƙofa. Hinde ta riga ni, ta tare zaure da jikinta.

"In ka tahi rijiyar nan, wa zai ɗaukar mini ita?" ta ce.

Ina tsaye da addar a hannu sai na tuna wan nan mai gatari. Na ajiye ta, na ɗauki ƙoƙo da buta. Da rana tsaka, lokacin da zafi ya kwantar da su a inuwa, na ɓula danga ta baya, na ja ciki na gangara rafi. Na tona har gwiwar hannu, ba komai. Sai da hannuna ya nutse har kafaɗa na taɓa sanyi. Na kwanta rubda ciki ina kallon gindin ramin yana yin duhu a hankali, ina jiyo rediyonsu daga bakin rijiya.

Ruwan farko ya taru, rabin ƙoƙo, jawur. Wallahi ban taɓa yin abin da ya yi mini wuya kamar zubar da shi ba. 'Yata na can baki a bushe, ni ina nan ina watsa ruwa a yashi. Amma na san abin da yake yi wa cikin mai lafiya ma, balle nata. Na zubar. Na biyu ma na zubar, ina hawaye. Na uku ya fito garau. Kafin la'asar na haɗa rabin buta, Hinde ta tafasa, ta sa ɗan gishiri da sukari, ta riƙa ba ta da cokali.

Kullum haka na yi har Safiya ta tashi zaune ta nemi kunu.

Mutanen nan sun bar rijiyar ran da suka ga dama, sun kuma dawo ran da suka ga dama. Har yau gonakin bakin gida kawai muke nomawa, kasuwar Batsari kuwa sai an tambayi wanda ya dawo kafin a hau babur. Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar Kaka alkawari ce, cewa in ka jure zakin zai tashi. Yanzu na gane ta koya mini yadda ake kai gobe ne kawai.

Kwanan baya na ba Safiya tatsuniyar a bakin murhu, uwarta na suyar gyaɗa. Da na kai ran na takwas sai ta dube ni.

"Baba, namu zakin yaushe zai ji ƙishirwa?"

Zakin Kaka a bakin kogo ya kwanta, namu kuwa a bakin rijiya. Na ce ta kwanta da wuri, gobe zan kai ta rafi in nuna mata yadda ake tona yashi.