Zarni a Ɗakin Inna

Duk wanda ya taɓa zama da kyanwa a ɗakin ƙasa da damina ya san zarninta ba ya jin magana. Da rani sai ka share, ka shanya tabarma, rana ta ƙarasa maka aikin. Amma in bango ya sha ruwa, daɓe ya ɗauki sanyi, warin da ka kora da safe shi zai tarbe ka da la'asar.

A ɗakin surukata na koyi wannan, a ƙauyenmu da ke bayan Shagari, wajen ƙarshen mulkin farar hula, lokacin da ake mana ba'a wai gwamnati a gidanmu take tunda shugaban ƙasa ɗan Shagari ne, alhali sabulun wanki ya gagare mu. Inna muke ce mata. Tana da wata farar kyanwa mai guntuwar wutsiya da ke kwana a ƙafafunta, kuma gaskiya takan yi ɓarna a lungun gado in ruwa ya hana ta fita. Ni ce mai gyara. In kankare daɓen da sakaina, in zuba toka mai ɗumi ta tsotse, in kwashe, in kawo busasshen yashi daga zaure. Tabarma kuwa sai ruwan toka da lemon tsami, in jingina ta kusa da murhu, sannan in turara ɗakin da abin da ya samu.

A daminar nan na gane ba kyanwa kaɗai ba ce. Wata safiya na ɗaga shimfiɗar Inna na tarar da jiƙa a tsakiya, daidai makwancin mutum, da yawan da ya fi ƙarfin kyanwa. Tana zaune bakin gado tana jan carbi, ba ta dube ni ba. Tsufa ne ya shigo mata ta wannan ƙofa, matar da a da ko ƙwaryar shanta ba ta yarda a taɓa da hannun miya. Ni kuwa matar ɗa ce, ko sunanta ba na kamawa, balle in buɗe baki a kan wannan. Sai na juya na hau kyanwa da faɗa, na ce 'yar banza ta sake. Inna ta ce a yi haƙuri da ita, dabba ce. Daga ranar muka ƙulla abin, ba tare da mun yi shawara ba.

Kowace safiya in fito da shimfiɗa ina zagin kyanwa yadda duk tsakar gida za a ji. Faɗa dai Allah ya hore mini shi. Kyanwa na gefe tana lasar hannu, ko a jikinta. Tsorona ɗaya ne, kada ɗanta ya sani. Shi kaɗai ne namijin da ya rage mata, kullum sai ya durƙusa bakin ƙofarta ya gaishe ta kafin ya tafi gona.

Sai dai toka ta ci hannuna. Yatsuna suka tsattsage, in na kama muciya har ƙwalla nake yi. Maigidana ya ga haka, yana kuma jin zagin da nake sha da shi kullum, ya ɗauka da gaske nake. Ranar kasuwar Kajiji ya cusa kyanwa a buhu ya ɗaure a bayan keke, bai gaya wa kowa ba. Ya dawo yana murmushi, wai ya hutar da ni, ya bai wa wani da ɓeraye suka addabi rumbunsa.

Ban taɓa jin haushin mai kyakkyawar niyya kamar ranar ba. Na ce ya koma ya karɓo ta. Ya ce mace ba a gane mata, jiya ina tsinuwa yau ina kuka. Duk amsar da zan ba shi sai ta tona abin da nake rufewa, na haɗiye na bar wurin.

Daga ranar Inna ta daina shan ruwa daga la'asar. Leɓenta ya bushe, kunu ma sai ta kurɓa ta ture. Ni kuma na koma sammako, in sauya shimfiɗa in ɓoye jiƙaƙƙiyar a bayan rumbu. Muna cikin haka marka ta kankama. Abin da na wanke ya ƙi bushewa, itace ya jiƙe, toka ta yi laima, turare ya ƙi kamawa.

Wata safiya maigidana ya zo gaisuwa kamar kullum ya durƙusa. Na ga hancinsa ya motsa, ya leƙa ƙarƙashin gado yana neman kyanwa, sannan ya tuna. Ya daɗe kansa a sunkuye kafin ya gaishe ta. Inna ta juya fuska bango.

A makon ta ce a kai ta Horo Birni, gidan 'yarta. Ya roƙe ta, ya turo kawunsa, ya ce gobe zai je ya maido kyanwar. Ni ma na durƙusa ina kuka. Ranar da aka kawo amalanken shanu, ta kama tsagaggen hannuna ta ce:

"Ɗiyata, ke kin yi naki, Allah shi saka miki. Ko ya maido mussa, ya riga ya sani. Ni ka wanke mai yana jinjiri, ba ni iya zama inda shi ka jin nawa."

Na kankare ɗakin na sake daɓe, zarnin ya fita tun kafin ruwa ya ɗauke. Ba ta dawo ba. Maigidana yakan taka keke har can duk Juma'a, amma har ta rasu bayan girbi ba ta yarda ya shiga inda take kwana ba, sai dai su gaisa ta bayan asabari.